Ki Jira Ƙanenki

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na kafinta, gajera ce kuma. Shi da kansa ya sha cewa zai ƙara mata bulo biyu, har yau bai ƙara ba. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsinto shi ba. Wanda ban gani ba na ji, wanda ban ji ba matar gidan ta zo ta faɗa wa iyalina da bakinta, tana neman a ce mata ta yi daidai.

Manyan 'ya'yansu biyu ne. Babbar mace ce, ana ce mata Malama saboda ita ke koya wa ƙanenta karatu. Shi ƙanen, tun yana rarrafe uban ya laƙaba masa Dakta, sunan ya bi shi har makaranta, uban kuma ya zama Baban Dakta a bakin kowa. Shekarar da Malama ta gama sakandare ta ci jarrabawar shiga jami'a, aka ba ta gurbin karatun likita a jami'ar gwamnati. Uban ya ce, "Ki jira ƙanenki ya gama, ku tafi tare." Shekara ta biyu suka zauna jarrabawar tare, ta ci, ya faɗi. Uban ya sake cewa ta jira. Sakamakon jarrabawar nan kuwa shekara ɗaya yake yi ya mutu, wanda bai shiga ba sai ya sake zama daga farko.

A shekara ta uku, ranar wata Litinin, saƙo ya shigo wayar kafinta, don da lambarsa aka yi mata rajista. An sake ba ta gurbi. Kwana goma aka ba ta ta je shagon intanet ta danna cewa ta karɓa, a turo lambar sirri a wayar uban, ta shigar, ta biya kuɗin karɓa. In ƙarfe huɗun yammar rana ta goma ta wuce, gurbin ya zama na wani. Dakta kuwa ya sake faɗuwa, mummunar faɗuwa.

Da la'asar ɗin ranar kafinta ya fito da tebur tsakar gida, ya baje takardu masu sheƙi guda uku, matarsa ta jawo kujera.

"Wannan ta kuɗi ce, a cikin gari take," in ji shi. "Kuɗin shekara ɗaya, sai in yi shekara uku ina buga gado ban ci ban sha ba."

"To ajiye ta. Wannan fa mai hoton yarinya da kwalba?"

"Gwajin jini ake koyarwa. Ni Dakta na ce, ban ce mai ɗibar fitsarin mutane ba."

"Saura ta ƙasar waje kenan."

"Ita ce mai sauƙi-sauƙi. Shekara ɗaya koyon yarensu, shida karatu. Sanyi ne kawai aka ce."

"Yaron da ko fanka ba ya so?"

"Sai a saya masa riga mai kauri."

Malama na tsaye da tiren shayi tun ɗazu. Ta ajiye, ta durƙusa.

"Baba, maganar saƙon nan."

"Na gani, uwata. Allah ya yi miki albarka. Bari mu gama da mai ciwo tukuna, mai lafiya ba ya gaggawa."

"Kwana goma ne kawai, Baba."

"Na iya ƙirga. Tashi ki ƙaro sukari."

Abin da ba su duba ba shi ne makin nata. Shekarar farko ta wuce abin da ake nema da nisa. Ta biyu ya ragu. Bana da maki huɗu kacal ta tsallake. Ita kaɗai ta san abin da hakan ke nufi, shi ya sa tun daga ranar ƙafarta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share.

Rana ta uku ejan ɗin makarantar waje, wato dillalinta, ya zo, takalminsa na ƙyalli, turarensa ya riga shi tsallako katangata. Ya ce ba a duba faɗuwar da yaro ya yi a nan. Su tasu jarrabawar suke yi, a kwamfuta, yaro na zaune a ɗakin uwarsa, nan da mako uku.

"To in ya sake faɗuwa fa?" in ji uwar.

Ejan ya yi dariya. "Hajiya, kyamarar nan fuskar yaro kawai take gani. Abin da ke bayan kwamfuta ba ruwanta da shi." Ya waiwaya ya dubi Malama da ke wanke kofuna a bakin famfo. "An ce mini akwai mai kai a gidan."

Ba wanda ya ce masa kai, wace irin magana ce wannan. Kafinta ya sosa keya da fensirinsa, ya ce Allah ya sa a dace.

Daga nan lissafin ya fito fili. Kuɗin karɓar gurbin Malama bai kai kuɗin ƙofa ɗaya da uban ke haɗawa ba, ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce in ta karɓa, cikin mako biyu za ta tafi rajista, ranar jarrabawar Dakta ba kowa a bayan kwamfuta.

Kullum da hantsi suna zama a zaure, ita da Dakta da littafi. Rana ta huɗu na ji ta tana cewa, "Ɗakunan zuciya nawa ne?"

"Tawa ko taki? Taki ai ɗaki ɗaya ne, kuma littafi ne a ciki."

"Ka bar wasa, Dakta."

"Uku."

"Huɗu. Jiya na faɗa maka, shekaranjiya na faɗa maka, bara ma na faɗa maka."

Ya ture littafin, ya jawo wata tsohuwar rediyo da yake kwancewa. Hannunsa a kan waya da ƙusa kamar an haife shi da su. "Yaya, tsakani da Allah, ni ko allura aka ɗauko barin ɗakin nake yi. Ranar da Baba ya yanke a yatsa, wa ya faɗi? Ni ko shi?"

"To ka faɗa masa mana."

"Ke faɗa masa."

"Ni in na faɗa za a ce baƙin ciki nake yi maka."

"Ni kuma in na faɗa sai ya zube a cikin shago. Kin san hawan jininsa." Ya juya sukudireba a hannunsa. "Ki yi haƙuri, Yaya. Ke ai ko da ido rufe kika shiga sai kin ci."

Wannan ita ce maganar da ta kashe ta a gidan nan, kowa da irin muryar da yake faɗinta. Washegari ta sami uwar a kicin tana yanka albasa, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Mama, ki sa baki. Saura kwana biyar."

"Na sa baki in ce me? Ubanki ba ya barci saboda yaron nan."

"Ni ma ba na yi."

"Ke kuma me ya hana ki? Allah ya ba ki kai, duk shekara sai dai ki je ki ɗauko abinki ki dawo. Shi ne abin tausayi, ƙawayena sai tambaya suke yi, ina Dakta ya kwana. Ni na ɗauki cikinku ku biyun, ba zan so ɗaya in ƙi ɗaya ba. Amma wanda ya faɗa rami shi ake miƙa wa hannu."

"Mama, da maki huɗu na tsallake bana."

"To ba kin tsallake ba? Miƙo mini murfin can."

"Kaina ciwo yake yi kullum. Sai in karanta shafi sau uku bai zauna ba."

"Ki sha magani. Kuma ki rage wannan zirga-zirgar, kina sa ni jiri."

Zirga-zirgar kuwa ta ƙaru. Kullum bayan azahar sai ta fice zuwa shagon intanet da ke bakin kasuwa, ta biya kuɗin minti goma, ta buɗe shafin, ta zauna tana kallon sunanta da wurin dannawa a ƙarƙashinsa. Mai shagon ya gaji ya ce, "'Yammata, ba fa hoto ba ne. Danna ki kira mai wayar ya karanto miki lambar, minti ɗaya ne." Ta ce masa mai wayar yana aiki. Ta dawo gida a ƙafa, ta wuce ƙofarsu ba ta sani ba, sai da iyalina ta kira ta. A kwanakin nan na ga zanenta ya fara yi mata yawa.

Rana ta bakwai ta taka har gidan goggonta, yayar uban, wadda duk dangin ke shakka. Goggo ta taho da faɗanta tun daga bakin layi.

"Ina marar kunyar nan? Kai, fito. Yarinya ta ci sau uku ka zaunar da ita kamar tukunya? Uwarmu haka ta yi mana?"

Kafinta ya fito yana murmushi, ya ce, "Yaya, ki shigo daga ciki, rana ta yi zafi." Suka shiga ɗaki, aka kai mata lemo mai sanyi. Ya nuna mata hoton makarantar waje da dusar ƙanƙara a kan rufinta, ya ce ta tuna ciwon gwiwarta, nan da shekara bakwai ɗan ƙanenta ne zai duba ta kyauta. Ya ce ai akwai wata kujera mai jingina da ya daɗe yana ajiye mata. Bayan awa ɗaya Goggo ta fito, an ɗora kujerar a kan babur. Ta dafa kafaɗar Malama.

"'Yar nan, na ji bayaninsa. Shekara ɗaya ce, kamar gobe ne. Wanda ya bi iyaye ba ya taɓewa. Ke dai kina da kai."

Washegari ni ma na leƙa shagon, na ce masa, "Baban Dakta, abin nan ba daidai ba ne. Haƙƙin yarinyar nan zai kama ka." Ya cire hularsa ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, na gode. Amma mai gida shi ya san inda ruwa ke zubo masa." Ya mayar da hula ya ci gaba da awo. Na yi laifi da na tsaya a nan.

Rana ta goma, ƙarfe uku saura, Malama ta tafi shagon uban. Rumfar kwano ce a bakin titi, katakai jingine a bango, garin katako har idon sawu, rigarsa rataye a ƙusa, wayar na cikin aljihunta. Ina kan bencin mai shayin da ke kallon shagon.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, uwata. An aiko ki ne?"

"Yau ne, Baba. Ƙarfe huɗu."

Ya miƙa hannu ya kunna injin goge katako. Ƙarar ta cika rumfar. Ya tura katako ɗaya, ya juya shi, ya sake turawa. Tana tsaye. Da ya kashe, ta buɗe baki, sai ya ɗauki wani katakon ya sake kunnawa. Sau uku yana yin haka. Katako na ukun ma gogagge ne tun jiya, ni na gan shi. Garin ya sauka a kan mayafinta da girarta, ba ta kaɗe ba. Tana duba agogon bangon shagon ɗinkin da ke maƙwabtaka, tana dawo da ido kan rigar.

Uku da rabi wuta ta ɗauke, injin ya mutu da kansa. Shiru ya sauka, ba inda zai ɓuya.

Ta durƙusa a cikin garin katakon. "Baba, don Allah. Zan karɓa kawai. Ranar jarrabawarsa zan roƙi izini in dawo."

"In ba su ba ki ba fa? Na riga na ba ejan rabin kuɗi. Itacen da na ajiye na shekara biyu na sayar."

"Baba, ba zan iya ta huɗu ba. Na san kaina."

"Haka kika ce bara."

"Bara ban ce ba."

Ya zauna a kan benci, ya share fuska da tafin hannu. Muryarsa ta sauka. "Shekara goma sha tara ana kirana Baban Dakta. A kasuwa, a masallaci, har a rasit haka nake sa hannu. Yanzu in tashi in ce wa mutane me? In ce gyaran rediyo zai yi?"

"Baba, ni ma in na gama, Dakta za a ce mini."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. "Ai ba ke aka sa wa sunan ba."

Ba ta tashi ba. Rigar na rataye taku biyu daga inda take, ba tarbiyyar da aka yi mata ba ce ta sa hannu a aljihun ubanta. Shi kuma ya ɗauki zarto yana gyara haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Agogon tela ya buga huɗu. Ya bari ta yi huɗu da kwata, sannan ya miƙe ya zaro wayar.

"Ungo, tafi da ita gida, in an kawo wuta ki sa mini caji."

Ta karɓa da hannu biyu.

Ranar jarrabawar Dakta aka kulle ƙofar gida. Uban da kansa ya yanko ƙananan alluna huɗu, ya goge su sumul, ya rubuta wa kowanne harafi ɗaya da baƙin fenti, don amsoshin zaɓi ne. Aka ɗora kwamfutar aro a kan tebur. Dakta ya zauna a gabanta da farar riga, yana karanta tambaya a fili, a hankali kamar mai tunani. Malama na zaune a ƙasa a bayan teburin, tana ɗaga allon da ya dace. Awa biyu. Uwar na bakin ƙofa da carbi tana roƙon Allah ya ba da sa'a.

Ya ci, da maki mai kyau. Mutanen layi suka yi ta shiga yi wa Baban Dakta barka, ana cewa ai dama yaron yana da kai, jarrabawar gida ce ba ta da adalci. Ranar da zai tafi ya tsaya a gaban yayarsa da jakarsa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Yaya, rediyon nan na gyara, na bar miki." Uban ya ce, "Baɗi naki ne, uwata. Ko sama za ta faɗo."

Baɗin ya zo. Ta sayi fom, ta zauna da littattafan da gefensu ya riga ya yi baƙi da hannunta. Amma sai in hango ta ta katanga, littafi a buɗe a cinya, idonta a kan igiyar shanya. Ta tashi ta zaga tsakar gida, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Sa'o'inta da suka shiga tun shekarar farko sun fara zuwa hutu da abin sauraren ƙirji a jaka. In ta ji muryarsu a layi sai ta shige banɗaki ta daɗe. Sakamako ya fito, ta gaza da maki ashirin da uku.

Kafinta ya riƙe takardar yana juya ta. Mamakinsa na gaskiya ne, wannan shi ya fi ba ni tsoro.

"Ke kuma me ya same ki?"

"Wasa ta sa a gaba," in ji uwar. "Ta ga ba mai matsa mata."

"To ai shi kenan," in ji uban. "Kin ga da na biya miki wancan karon ma, wa ya sani ko can za ki je ki kasa."

A layin nan in yaro ya ɗauki kazar wani, kafin azahar an tara masa jama'a. Amma mutum ya ɗauki shekara huɗu na 'yar cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, ba wanda ya kira abin da sunansa, saboda bai doke ta ba, bai zage ta ba, uwata ma yake ce mata. Ba ƙinta suke yi ba, ni shaida ne. Sun dai ɗauka abin da Allah ya ba ta ajiya ce a ɗaki, duk ranar da suka ga dama su buɗe su tarar da shi yadda suka bar shi. Iyayen da ke zaune yau da takardun makarantu a gabansu suna auna wacce ta fi araha, su ɗaga kai su dubi wanda ke tsaye da tiren shayi. Akwai kuɗin makarantar da ba a rubuta shi a takarda, kuma yawanci ɗan da ba ya gardama ne ke biyansa.

Dakta yana can har yanzu, yana jan jiki. Kusan kullum bayan la'asar yana kiran uwarsa, a gaisa, sai ya ce a ba shi Yaya. Jiya ma ya kira.

"Ke, taho, ɗan'uwanki ne. Jibi yana da gwaji."

Ta goge hannu ta karɓa. Ƙasusuwan wuyan hannu yake tambaya. Ta jero masa su takwas da ka, ta maimaita a hankali yana rubutawa, ta ce masa ya riƙa sa safa saboda sanyi. Ta miƙa wa uwar wayar ta koma kan wankinta.

Uwar ta leƙo ta kan katanga tana kiran iyalina, fuskarta cike da fara'a. "Kin ji ta ko? Ba littafi fa. Ai kan yana nan. Bana za ta ci, ki rubuta ki ajiye."

An rufe sayar da fom ɗin bana mako uku da suka wuce. Malama ba ta saya ba, kuma har yau ba wanda ya tambaye ta a gidan.